Ƙamshin Kirfa a Gidan Tuzuru

Kafar Nabla, tsaunukan Lebanon
Nuwamba 1962

Ɗiyata Adiba,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, kuma Faransawan nan ba su ƙarar da ke da aikin asibiti ba. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan sanyi tun kafin ya iso. Na sauka Beirut na ga mahaifiyarki. Ta yi ƙiba, amma ta ce in gaya miki ta rame saboda kewarki. Inabin bana ya yi albarka, giya tana kwance a randuna.

Na sani zumuncinmu sai an zauna an jero kakanni kafin a kamo bakinsa, amma kawu kike ce mini tun kina rarrafe, yau kuwa kawuncin nan zai faɗo miki a ka.

Kin san Zahiyya, wadda ta dawo gidansu bayan rasuwar mijinta. Kin kuma san yadda ake neman aure a garinmu: namiji ya kai tulun giyar hannunsa, a zuba wa matar a gaban danginta. In ta shanye, magana ta ƙare. In ta ajiye kofin, ka nemi hularka. To, bara da sanyi ni na kai. Kada ki yi dariya, furfura ba ta hana mutum son a tambaye shi ko ya ci abinci. Ta kurɓa sau ɗaya, ta runtse ido, ta dafe kunci, ta ajiye. Na koma gida ta bayan coci don kada in haɗu da kowa, na yi watanni ko gaishe ta ban yi ba.

Sai da aka zo tsinkar inabi matar ƙanenta ta ce da ni, "Gattas, kai wane irin mutum ne? Haƙori ne fa! Ko ruwan sanyi ta sha sai ta kwana tana nishi. Ka kawo mata giya daga ɗakin ƙasa a tsakiyar hunturu, me kake so ta yi?"

Yanzu ga inda aka tsaya. Yayanta da ke Ostareliya ya aiko mata da takardun tafiya, jirgin ruwa zai tashi a ƙarshen Janairu. In ban sake kai tulu ta shanye kafin nan ba, ta tafi ke nan, ni kuma in mutu tsakanin randuna da kyanwa.

Mahaifiyarki ta ce kin taɓa rubuto mata cewa mutanen can suna ɗora giya a wuta su sha da zafi. A lokacin na yi dariya har na ƙware. Yanzu na daina. Ki rubuto mini yadda ake yi dalla-dalla, kuma kada kowa ya ji, musamman ita mahaifiyar taki. Kin san a nan ba mai taɓa giyarsa da wuta ko zuma sai wanda tasa ta yi tsami yake son rufa mata asiri. Kakan Abu Dib ya gwada sau ɗaya tun zamanin Turkawa, ga shi har yau jikokinsa 'yan Gidan Tsami ake kiransu. Giyar Gidan Sawaya kuwa ba a taɓa cewa uffan a kanta ba, ba kuma a kaina za a fara ba.

Kawunki,
Gattas Sawaya


Strasbourg
Farkon Disamba 1962

Kawu Gattas,

Na gaishe ka da kyau. Ina lafiya, sai dai sanyin nan ya fi na tsaunukanmu rashin kunya. Ka riƙa shafa wa gwiwar man zaitun mai ɗumi, ka daina hawa tsani kamar saurayi.

Ka ce kada in yi dariya. Na yi. Shekara guda kana fushi da haƙori, Kawu! Da ka buɗe baki ka ce "Lafiya?" da yanzu wata maganar ake yi.

Na kai tambayarka wajen Madam Odil, tsohuwar da nake haya a gidanta. Ta zaunar da ni ta yi mini tarihi har shayina ya huce. A cewarta, Rumawa ne suka fara, sojojinsu da suka hauro arewa suka tarar da sanyin da ba su saba ba, sai suka riƙa ɗumama giyarsu da zuma da barkono. Daga baya masu hali suka mayar da ita abin tinƙaho, don a ga gidansu yana da kirfa da kanumfari. Na ce mata ai kayan ƙamshin ta tashoshinmu suka bi kafin su ga ƙasarta, ta yi kamar ba ta ji ba. Yanzu da an shiga Disamba ake kafa rumfuna a kasuwar Kirsimeti, tukwane suna tururi, alƙali da mai shara suna tsaye kafaɗa da kafaɗa kowa da kofinsa.

Na tambaye ta ko don a ɓoye tsami ake yi. Ta ɓata rai, ta ce marasa tarbiyya ne ke yin haka, wuta ba ta gyara abin da ya lalace.

Ga yadda za ka yi. Jar giyarka mai kyau, sandar kirfa, kanumfari ɗan kaɗan, citta, ɓawon lemu, zuma. Su suna jefa wata ƙwaya mai siffar tauraro wadda ba za ka samu a can ba, ka sa yansun ɗinmu a madadinta, ƙamshinsu ɗaya. Wuta ta zama sanyi-sanyi. Kada ka kuskura ta tafasa. Madam Odil ta ce wanda ya bari ta tafasa miya ya dafa. Da tururi ya fara tashi, ka sauke, ka lulluɓe tukunyar da bargo ta ɗan huta. Ka gwada sau da yawa kafin ranar, don na san hannunka a kan kayan yaji. Kofunanmu na gilashi ba su da mariƙi, suna ƙona yatsu, ka nemi abin riƙewa.

Bayan an shanye kuma, don Allah a kai baiwar Allah wajen likitan haƙori a Zahle.

Ɗiyarka,
Adiba


Strasbourg
Disamba 1962

Kawu,

Ina fata kana lafiya, ni ma haka. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Dakata da girkin nan!

Jiya na dafa kaɗan da yansun don in tabbatar ban ɓatar da kai ba. Ƙamshin yana tashi sai na ga kaina a gidanmu ranar da aka haifi ƙanena, mata cike da ɗaki. Kawu, kirfa da yansun da citta, ai ainar ke nan, abin da ake dafa wa 'yan barka. Kai ba ka taɓa shiga madafa ranar haihuwa ba, ba za ka gane ba, amma duk macen garinmu ta san gidan da wannan ƙamshi ya fito an sami ƙaruwa. Ga Umm Fahad ungozoma katanga ɗaya da kai!

Ka je bukkar gona ka dafa, ko ka cire yansun. Allah ya sa wannan ta riga ka.

Adiba


Kafar Nabla
Bayan Kirsimeti 1962

Ɗiyata Adiba,

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, sauran jikin ne ba sauƙi. Tun wasiƙarki ta girki ban sake jin ɗuriyarki ba, ƙanƙara ta rufe hanya, motar wasiƙu ta daina hawowa. Wannan wasiƙar, mai alfadari zan ba ya saukar mini da ita. Ki zauna kafin ki karanta.

Kafin hanya ta rufe na je Zahle na sayi kayan a shagon da ba a san ni ba. Mai shagon ya dubi kirfar, ya dubi yansun, ya dubi furfurata, ya ce, "Masha Allah! Allah ya raya." Na ce amin, a zatona albarka yake sa wa ciniki.

Na rufe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Bututun hayaƙi ne na manta. Tukunyar farko ta tafasa. Ta biyu kanumfari ya yi yawa har harshena ya mutu. Ina kan ta gaba da hantsi sai na ji ana dukan ƙofa kamar gobara. Na buɗe ɗan kaɗan, na tare da ƙirji. Umm Fahad ce, da jakar aikinta.

Ta ce, "Wa ya haihu?"

Na ce, "Ina kwana, Umm Fahad."

Ta ce, "Rabu da ni da ina kwana. Wa ya yanke cibiya? A unguwata, ba a kira ni ba?"

Na ce, "Ba wanda ya haihu. Kyanwata ma namiji ne."

Ta ce, "Rabin garin nan a hannuna suka faɗo, har kai da uwata ta karɓa ina riƙe da fitila. Hancin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Matsa in ga."

Yaya zan matsa, tukunyar giyar Gidan Sawaya tana kan murhu? Na ce mata gidan ba shara, na rufe ƙofa. Sai na tuna kin ce a lulluɓe da bargo. Na naɗe tukunyar, na rungumo ta zan kai ɗaki, ina tafiya a hankali don kada ta zube, ina leƙawa ina hurawa. Ashe tana tsaye ta kafa ido a tsagar taga.

Kafin a buga ƙararrawar rana gari ya ɗauka. Mata suka fara ajiye kaji da ƙwai a bakin ƙofata. Na shiga gidan gahawa, Abu Dib na Gidan Tsami ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Zauna, maigida, ka sha wahala. Abu wa, wato baban wa, za mu riƙa kiranka?" Wani ya ce, "Shiru-shirun nan dai!" Wani tsoho ya matse mini hannu ya ce ashe da sauran ƙarfi a Gidan Sawaya. Ranar Lahadi limaminmu Abuna Sim'an ya ja ni gefen coci ya ce shi ba ya tambayar abin da ya wuce, amma yaro ba laifinsa, a kawo shi a yi masa baftisma kafin sanyi ya yi masa illa. Na ce zan duba.

Na san me za ki ce. Amma ki auna da kanki. Yaron da ba a san uwarsa ba, kowane namiji yana iya yin kuskure, a yi surutu a gaji. Giya a kan wuta fa? Wannan ubana da kakana za a tono a zaga. Gaskiya ma tunda nake garin nan ba a taɓa girmama ni kamar makon nan ba.

Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Zahiyya ce. A coci ta wuce ni kanta a ƙasa, an kuma ce ta aika a sayo mata zare, wai kayan tafiya take saƙawa. Girkin yanzu ya yi daidai, Adiba, ya yi daɗin da ni kaina ina jin kunyar faɗa. Amma da wane ido zan ɗauki tulu in shiga gidansu? Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Kawunki,
Gattas


Strasbourg
Janairu 1963

Kawu Gattas,

Ina gaisuwa, ina lafiya, amma kai ne za ka sa mini hawan jini.

Wasiƙar Mama ta riga taka isowa. A Beirut tagwaye ne, uwarsu wata mai tsinkar inabi ce daga Homs, ka ɓoye ta a ɗakin ƙasa bayan randuna. Mama ta ce ta yafe maka, kuma in macen cikin tagwayen ba ta da suna tukuna, nata yana nan. Na kwana biyu ina fushi da kai, ina cewa ashe Kawu ya mai da ni sakarya da labarin haƙori. Da taka ta zo na yi dariya har Madam Odil ta hauro da tsintsiya ta zaci ɓarawo ne.

Yanzu dariya ta ƙare. Kawu, kana tsaron mutuncin randa kana zubar da na mace. Ka manta yadda Zahiyya ta dawo gida? Ko kwana arba'in na mijin ba a yi ba danginsa suka ɗaure mata kaya, don ba ta haifa musu ko ɗaya ba. Duk gidan da aka yi haihuwa ita ke zuwa taya dafa ainar, ta raba wa mutane, ta wanke kofuna ta koma. Yanzu ta ji wannan ƙamshi yana fitowa daga gidan mutumin da ya kawo mata tulu bara. Me kake tsammani take ji?

Na ba Madam Odil labarin duka. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne rufe tagar. Ta ce su a titi suke dafawa, murfi a buɗe, don ƙamshin ya kira mutane, ba abin shan mutum ɗaya ba ne.

Kakanka ya mutu, ba ya jin zagi. Jirgi kuwa ba zai jira ka ba. Buɗe ƙofar nan.

Ɗiyarka da ke sonka duk da haka,
Adiba


Kafar Nabla
Fabrairu 1963

Ɗiyata Adiba,

Gaisuwa daga gare ni da wata da za ki ji sunanta a ƙasa. Muna lafiya. Gwiwa tana samun man zaitun safe da yamma, ba kuma ni ke shafawa ba.

Da hanya ta buɗe, wasiƙunki biyu suka iso tare, ta gargaɗi da ta faɗa, bayan komai ya riga ya faru. Na gode. Shawara ce mai kyau, da ta zo a kan lokaci da ban bi ba.

Ana saura 'yan kwanaki jirgi ya tashi, da safe na sauke tukunya na naɗe ta ke nan, don na saba, sai na ji ƙwanƙwasa a hankali. Zahiyya ce, ita kaɗai, da ɗan ƙunshi a hannu. Ban iya tare mata ƙofa ba.

Ta ce, "Ban zo tambayar uwarsa ba. Ba na so in sani."

Na ce, "Zahiyya..."

Ta ce, "Yi shiru in gama, tun asuba nake haddace shi. Kai ko kaza ba ka iya riƙewa, a wannan sanyi za ka kashe ɗan mutane. Na aika wa yayana ba ni zuwa. In kana son wadda za ta riƙe shi, ga ni. Ba sai ka kawo tulu ba."

Ta kwance ƙunshin. Safa ce ta jarirai, ja, ƙafa biyu, kowace ba ta kai tafin hannuna ba. Zaren da aka ce na kayan tafiya ne ke nan.

Adiba, na gwammace a ce ƙasa ta tsage. Ta hango bargon a kan kujera kusa da murhu, ta nufe shi da sanɗa, fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba. Ta ɗaga gefen bargon da yatsu biyu. Tururi ya bugi fuskarta. Ɓawon lemu yana yawo a sama.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wannan ne yaron?"

Na ce, "Shi ne."

Ta zauna a ƙasa. Na kasa gane dariya take ko kuka, ina jin ita ma ba ta gane ba. Da ta sami numfashi ta ce, "Gattas Sawaya ya dafa giya. Ta yi tsami ne?"

Na ce, "Wallahi ba ta yi ba! Ki zage ni da komai ban da wannan. Haƙorinki ne. Na ce in ta yi ɗumi ko za ki iya shanyewa."

Ta juya safar a hannunta, ta ce, "Duk zamana a gidan aure ina jiran ranar da za a ɗora wannan ƙamshi a wuta domina. Na dafa wa kowa a garin nan. Ni ba a taɓa dafa mini ba."

Na ce, "Wannan dominki aka dafa, tun daga tukunyar farko da ta tafasa."

Ta share ido da gefen gyale, ta miƙe, ta ce ai ba a shan kofin aure a ɓoye. Ita da kanta ta ɓalle tagogin duka, ta leƙa ta ƙwala wa Umm Fahad kira ta ce a zo a ga jariri, a kuma kira ƙanenta. Ban san garinmu yana da mutane haka ba sai ranar. Umm Fahad ta tura kowa gefe, ta buɗe bargo, ta ce, "Shekara nawa ina wannan aiki, yau na ga an haifi tukunya." Abu Dib ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah na gode maka da ka raya ni na ga yau! Kakana, ka huta!" Na ji kamar an soka mini wuƙa, amma na tsaya da ludayina.

Na zuba mata a gaban ƙanenta. Kofin ya ƙona mata yatsu, ta kai shi za ta ajiye. Sai ta ɗauki safar ɗaya ta zura wa kofin daga ƙasa. Ta shige daidai kamar an gwada. Ta shanye tas, ta kife kofin, ta ce, "Haƙorin ma ya yarda."

Abuna Sim'an ya ce tunda baftisma ta faɗi, zai karɓi ɗaurin aure a madadinta. Ya ɗanɗana don ya tabbatar ba tsami, ya sake ɗanɗanawa don tabbacin farko bai ishe shi ba. An ɗaura kafin azumin coci. Likitan Zahle ya cire haƙorin. Sunana yanzu Abu Tukunya, kuma na san haka zai zauna a bakin mutane ko bayan raina. Masu kiran nawa haka su ne ke zuwa kowace Lahadi da kofunansu a aljihu. Ki gaya wa mahaifiyarki ba tagwaye, kajin barka kuwa an cinye, ba wanda ya nemi a mayar masa. Ki gaishe da Madam Odil, ki ce mata Rumawa a wajenmu suka koyi giya, wutar kawai suka ƙara.

Safar nan ɗaya tana kan kofinta, ɗaya kan nawa. Jiya na ɗora tukunya, iska tana shigowa, na tashi zan ja taga. Zahiyya ta riƙe mini hannun riga, ta ce, "Bar ta a buɗe, Gattas. Bari su ji daga gidana yake fitowa."

Kawunki,
Gattas, da Zahiyya